Hali Zanen Dutse, To Wa Ya Zana Shi?

'Yar'uwa, na san kin sha jin karin maganar nan da Bahaushe yake cewa hali zanen dutse. Da ita ake yanke wa mace hukunci tun ba ta gama mallakar hankalin kanta ba. In ta kama sana'ar ƙosai ta yi wata biyu ta saki, sai ki ji an ce ai wance ba ta da hannun sana'a, haka uwarta take. In jarinta ya karye a ce almubazzara ce, kuɗi ba sa kwana a hannunta, ko kanti guda aka ba ta sai ta cinye shi. Shi ke nan an rufe littafinta, ita ma kuma sai ta yarda, domin abin da aka yi ta nanata wa mutum tun yana ƙarami da wuya ya ƙi gaskata shi.

To ana cikin haka sai ga zamani ya zo mana da wasu masu wa'azi na daban. Su kuma cewa suke babu wani dutse, hali kamar kwaɓin fulawa ne, yadda kika ga dama haka za ki murza shi, kuma kwana 21 kacal ya ishe ki, in ya yi yawa 30. Sunan abin wai ƙalubale. A tara mata ta waya, wani lokaci har da kuɗin shiga, a ce daga ranar ɗaya ga wata kowacce za ta riƙa rubuta cinikinta kullum, ta tallata kayanta ga mutum biyar kafin rana ta faɗi, ta jefa wani abu a asusu, sannan ta turo shaida. Mai humra da turaren wuta, mai kunun aya, mai ɗinki, mai saro atamfa daga Kantin Kwari, kowacce ta ɗaura ɗamara. Satin farko abin gwanin sha'awa, ana ta barka ana ta masha Allah. Ranar 30 a yi murna a watse. Ki leƙa gidan bayan wata biyu ki tambayi littafin lissafin, za ki tarar yara sun yage shi sun yi jirgi, asusun kuwa an fasa shi tun ranar da ƙanwar maigida ta haihu.

Ni fasa asusun bai dame ni ba sosai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da matar nan za ta gaya wa kanta cikin dare in kowa ya yi barci: "An ce kwana 21 ya isa, ni har 30 na yi ban sauya ba, ashe gaskiyar mutane ne, ni raguwa ce." Kin ga sabon wa'azin ya mayar da ita inda tsohon ya ajiye ta, har ma ya ƙara mata da takardar shaida. Shi ya sa nake ganin maganar ta wuce ta ciniki, ta zama ta adalci. Macen da ta yi ƙalubale ta gama, sannan ta koma gidan jiya, me ya kamata a ce da ita, kuma me ya kamata ta ce da kanta?

Bari mu fara bin sawun kwana 21 ɗin nan mu ga daga ina ya fito. Wani likita ne a Amurka mai suna Maxwell Maltz, aikinsa gyaran fuska da tiyata. A wani littafi da ya fitar a 1960 ya faɗi abin da ya lura da shi, cewa wanda aka gyara wa fuska yakan ɗauki aƙalla sati uku kafin ya saba da sabuwar kamarsa a madubi. Ki lura, aƙalla ya ce, kuma maganar sabo da fuska yake yi, bai gwada mai awara ko mai kitso ba. Da maganar ta shiga bakin duniya sai aka yar da kalmar aƙalla a hanya, aka mayar da abin doka. Irin dai yadda ake yi wa zance a gidan biki, kafin ya je zaure ya yi ƙafa da hannu.

Waɗanda suka zauna suka auna abin da gaske su ne wata mata mai suna Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a ta birnin Landan, sakamakonsu ya fito a 2009. Mutum 96 suka ɗauka, kowa ya zaɓi ɗan aiki guda da zai riƙa yi kullum a lokaci ɗaya, wani shan ruwa, wani cin 'ya'yan itace da abincin rana, wani ɗan gudu kafin cin tuwon dare, aka bi su har sati 12. Abin da ake nema shi ne ranar da aikin zai zama jiki, mutum ya yi shi ba tare da ya tsaya tunani ba. Matsakaicin abin da suka samu kwana 66 ne. Mafi sauri ya kai cikin kwana 18, wani kuma da aka yi masa lissafi sai da aka ga zai buƙaci kwana 254, wato sama da wata takwas. Kuma fa waɗannan ƙananan ayyuka ne, ba zaman ƙirga ciniki da fitar da riba bayan an wuni a gindin murhu ba. Akwai wani abu kuma da suka gano wanda ya kamata kowace mace ta riƙe: tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Wanda ya manta yau ya ci gaba gobe, tafiyarsa ba ta lalace ba.

Saboda haka matar da ta yi kwana 30 ta ga abin bai zauna ba, ko rabin hanyar matsakaicin mutum ba ta kai ba. Tuwon da aka sauke bai nuna ba, don me za a ce garin ne ba shi da kyau?

Yanzu sai mu leƙa cikin kan, domin a nan ne abin yake da daɗin ji. Ki ɗauka kamar ma'aikata biyu ne a ƙwaƙwalwarki. Ta farko tana zaune a gaba, nan bayan goshi, ita ce mai shawara, mai tsara gobe, mai cewa a'a kada ki taɓa kuɗin nan. Tana da wayo, amma tana da nawa, abu ɗaya take iya riƙewa da kyau a lokaci guda, kuma da hayaniya ta yi yawa sai ta rikice. Ta biyu tana can ciki a tsakiya, wani kulli ne da masana suke kira basal gangiliya. Ita ba ruwanta da dogon tunani, abin da aka maimaita shi take haddacewa, da ta ga alamarsa sai ta zarce da shi. Ki tuna ranar da kika fara tuƙa tuwo, yadda kika kafa wa tukunya ido, kina auna gari kina tsoron gudaji, ko sallama aka yi ba kya iya amsawa. Yau kuwa kina tuƙi kina goye da yaro kina yi wa wani faɗa kina sauraren rediyo. Aikin ya tashi daga hannun ta farko ya koma hannun ta biyu.

Labarin wani bawan Allah a Amurka, Henry Molaison, shi ya fara buɗe wa masana ido a kan cewa ma'ajiyar ƙwaƙwalwa ba guda ɗaya ba ce. A 1953 aka yi masa tiyata a kai saboda farfaɗiya, yana ɗan shekara 27, aka cire wani sashe. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai ƙara iya riƙe sabon abu ba, in kun gaisa yanzu kin fita kin dawo sai ya karɓe ki kamar baƙuwa. Wata masaniya, Brenda Milner, ta sa shi ya riƙa bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi, aiki mai wuya ga kowa. Kwana uku ana yi, kullum hannunsa yana ƙara gwanancewa, alhali kuwa kullum shi bai tuna ya taɓa yin aikin ba. Allah mai iko. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba.

Ita kuma Ann Graybiel, a wata babbar makarantar kimiyya ta Amurka, ɓeraye ta sa a gaba. Ta yi musu 'yar hanya mai rassa biyu, a ji wata ƙara a san ko dama za a bi ko hagu, a ƙarshen hanya akwai cakulan. Ta sa na'ura tana sauraren ƙwayoyin kullin nan na tsakiya. Da farko, ɓera yana tafe yana shinshine-shinshine, ƙwayoyin suna ta aiki tun daga farkon hanya har ƙarshe. Da ya saba, sai aikin nasu ya tattaru a wuri biyu, lokacin tashi da lokacin isa, tsakiyar kuwa ta yi shiru. Ƙwaƙwalwa ta ɗaure tafiyar duka ta zama ƙunshi guda. Sai kuma a 2005 suka bayyana wani abin da ya fi wannan: da aka daina sa cakulan ɓeraye suka daina gudu, alamar nan ta dushe, amma da aka mayar da shi sai ta dawo nan da nan, ba a sake koyo daga farko ba.

A nan ne nake cewa kada mu yi saurin ƙaryata kakanninmu. Sun yi gaskiya, hali zane ne, kuma tsohon zane ba ya gogewa ƙarƙaf, kwanciya yake yi yana jiran alamarsa. Macen da ta shekara goma tana zura hannu a kuɗin ciniki duk sanda mai tallan kifi ya yi sallama, wannan hanyar tana nan a kanta, kwana 30 ba za su share ta ba. Inda karin maganar ta gaza shi ne ba ta gaya mana wa ya yi zanen ba. Ba da shi aka haife ta ba. Maimaici ne ya zana shi, yau da gobe, kamar yadda igiyar guga take cin bakin rijiya. Abin da maimaici ya zana kuwa, maimaici zai iya zana wani a gefensa, har sabon ya fi tsohon zurfi. Wata masaniya mai suna Wendy Wood ta sa mutane suna rubuta abin da suke yi awa bayan awa, a 2002 ta bayar da rahoton cewa kusan kashi 43 cikin 100 na ayyukan yini ana yin su ne a wuri ɗaya kamar kullum, hankali yana wani wajen. Kusan rabin rayuwarmu ke nan ma'aikaciya ta biyu ce take jan ta.

To me ya sa satin farko na ƙalubale yake da zaƙi haka, har mace ta ji kamar an sake haihuwarta? Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, masu tallan ƙalubale suna son ambatonsa, suna ce masa sinadarin jin daɗi. Abin ya ɗan fi haka. Wolfram Schultz ya yi shekaru yana gwaji da birai a ƙasar Suwizalan, ya bayyana abin da ya gani a 1997. In aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, ƙwayoyin dofamin sai su zabura. In aka saba kunna fitila kafin a ɗiga, sai zaburar ta koma lokacin fitilar, ruwan da kansa ya daina tayar da su. In kuwa aka kunna fitila aka hana ruwan, sai su yi ƙasa fiye da yadda suke a da. Wato aikinsu shi ne auna tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu. Ranar farko da kika turo hoton littafinki mata 40 suka yaba miki, ba ki zata ba, abin ya yi daɗi. Ranar 15 kin riga kin san za a yaba, daɗin ya ragu. Ranar 31 kin rubuta ciniki kin ɗaga kai, babu mai cewa sannu. An kunna fitila, ruwa bai zo ba.

Ƙarshen ƙalubalen ma yana da nasa tarkon. A 2006 wasu masana a Amurka suka bi diddigin masu sayen gahawa a wani shago da ake ba da kati, in ka sayi goma a ba ka ɗaya kyauta. Suka ga mutum yana ƙara yawan zuwa in ya kusa cika katinsa, da ya karɓi kyautar aka ba shi sabon kati sai ya yi sanyi. Duk abin da aka sa wa ranar gamawa, zuciya takan ɗauke shi kamar bashi, in an biya an huta. Mu da muke azumi ai ba sai an kawo mana misali daga Amurka ba. Kwana 29 ko 30 muna tashi sahur, muna karatu, muna kame baki, gari duka ya taimaka mana, ladan ya kira, maƙwabta sun tashi, yara suna buga gwangwani. Ran salla da kwana uku ki duba ki gani, mu nawa ne muke tashi a wannan lokacin? Imanin yana nan, alamun da suka riƙe mu ne aka kwashe. Malamai ba su gushe ba suna jan hankalinmu a kan ɗorewa bayan watan, ga kuma Sitta Shawwal a biye da shi.

Kada ki ce na zo in kashe wa masu ƙalubale kasuwa. Abin yana da amfani, kuma ba ƙarami ba. Mafi wuyar sana'a ita ce farawa, mace nawa ce take da shekara biyar tana cewa in Allah ya yarda bayan salla zan fara? Wa'adi gajere yana rage tsoro, wadda ba za ta iya cewa har abada ba za ta iya cewa wata ɗaya. Wasu masana uku a jami'ar Fensilbaniya, cikinsu da Katherine Milkman, sun nuna a 2014 cewa mutane sun fi ɗaura niyyar gyara a farkon sati, farkon wata, farkon shekara, ko bayan zagayowar ranar haihuwarsu, kamar an ba su sabon shafi. Sannan wata ɗaya ya isa ki gane ko sana'ar ta karɓe ki, ko unguwarku ana shan zoɓo, ko ribar da kike zato tana nan ko kuwa kuɗin ƙanƙara da leda sun cinye ta. Ashana ce, kuma ba a raina ashana. Sai dai ban taɓa ganin wadda ta dafa wake da ita ba.

A birnin Lome na ƙasar Togo an yi wani gwaji da ya burge ni, da hannun Bankin Duniya a ciki, sakamakon ya fito a 2017. Masu ƙananan sana'o'i 1,500 aka raba uku. Kashi ɗaya aka koya musu darasin kasuwanci irin na aji, kashi ɗaya aka koya musu zuciyar tashi tsaye, wato neman sabuwar dabara da kanka, hango matsala kafin ta zo, da tashi bayan faɗuwa, kashi na uku ba a koya musu komai ba. Horon na sati huɗu ne, awa 36. Cikin shekara biyu da aka bi su, ribar masu koyon tashi tsaye ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, ta 'yan aji kuwa da kashi 11, wanda masu binciken suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. Kin ga ashe abu na wata ɗaya yana iya yin tasiri. Amma ga abin da masu ba da labarin suke yawan tsallakewa: bayan an tashi daga horon, malami ya riƙa bin kowa har wurin sana'arsa, sau ɗaya a wata, har wata huɗu. Ba a watse ranar 30 ba.

Wannan shi ne abin da nake tuhumar masu karɓar kuɗin mata da shi. In kin san, ko ya kamata ki sani, cewa wata ɗaya ba ya zaunar da hali, sannan kika yi wa mace alkawarin za ta zama sabuwar mutum, kika karɓi kuɗin da ta tara daga wankau ko daga cinikin ƙuli-ƙuli, kika sallame ta da kalmar wadda ta faɗi ita ta so, to kin sayar mata da rabin magani a kuɗin cikakke, kuma kin bar ta da zargin kanta. Wannan ko a awon hatsi sunansa tauye mudu.

Me ke zaunar da hali, in ba zafin niyya ba? Abin da binciken nan duka yake nunawa shi ne ƙaramin aiki, a wuri ɗaya, bayan alama ɗaya. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya tattara hujjoji a 1999 cewa wanda ya ce in kaza ya faru zan yi kaza ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya ce zan yi ƙoƙari. "Zan riƙa lissafi" magana ce ta iska. "In na idar da sallar isha'i, kafin in naɗe sallaya, zan jawo gwangwanin ciniki in ƙirga in rubuta" wannan tana da ƙafa, don kuwa isha'i ba ta fashi, kuma sallayar da kanta za ta riƙa tuna miki. Mu da Allah ya ba mu alamu biyar a kowace rana waɗanda ba sa motsi, ai mun fi kowa samun inda za mu rataya sabon hali.

Kuma aikin ya zama ɗaya, ƙarami. Ƙalubalen da ya ɗora miki abu bakwai a rana ya ɗora su ne a kan ma'aikaciyar bayan goshi, ita kuwa mun ce ba ta ɗaukar kaya da yawa. A Jamhuriyar Dominikan an gwada wannan da masu ƙananan sana'o'i sama da 1,000, akasarinsu mata, aka buga sakamakon a 2014. Wasu aka koya musu lissafin akanta sosai, wasu kuma aka ba su 'yan dokoki masu sauƙi: kuɗin sana'a a aljihun tebur ɗaya, kuɗin gida a wani, ki yanka wa kanki albashi, in kin ara daga na sana'a ki rubuta takarda ki ajiye a wurin. Masu 'yan dokokin nan su ne aka ga sun gyara yadda suke riƙon kuɗi, musamman waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba. Da na karanta wannan sai da na yi murmushi, domin iyayenmu mata da ba su taɓa shiga aji ba sun san shi: uwar kuɗi a lalita, riba a bakin zane, kuma ko wuta ake ba a kwance lalita don cefane.

Haka ma adashe. Ki dube shi da kyau, duk abin da masanan nan suke faɗa yana cikinsa. Akwai alama, yarinyar uwar adashe ta yi sallama a lokacin da ta saba. Aikin ƙarami ne kuma iri ɗaya, zubi. Akwai idon jama'a, ba kya so a ce ke ce kika karya. Akwai ranar kwasa da zuciya take hange. Sannan uwa uba, in zagaye ya ƙare ba a watsewa, sai a sake ɗaura wani, har mace ta shekara goma tana zubi ba ta taɓa kiran abin ƙalubale ba. Ba na cewa adashe ba shi da nasa ciwon, duk mun san labarin uwar adashen da ta yi ɓatan dabo da kuɗin mutane. Gininsa nake nuna miki.

Saura maganar laifi. Akwai abin da ba na so mu manta in muna auna 'yar'uwarmu. A 2013 wasu masana suka gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya, suka ba su tambayoyin auna kaifin tunani sau biyu, kafin girbi lokacin da aljihu ya bushe, da bayan girbi lokacin da kuɗi suka shigo. Mutum ɗaya, kai ɗaya, amma sakamakon kafin girbi ya fi rauni. Tunanin babu yana cinye wuri a ƙwaƙwalwa. An kuma gwada an gani cewa mutum in yana cikin damuwa ya fi komawa kan abin da ya saba, ko da ya san ba shi ne mafi alheri ba. To ki ɗauki macen da ta kwana tana jinyar yaro, maigida ya fita bai bar na cefane ba, ga ankon bikin dangin miji an aiko, ga mai bin bashi a zaure. In ta zura hannu a jari, sai mu ce hali? Wani lokacin ma ba hannunta ba ne, maigidan ne zai leƙo ya ce ara mini dubu biyu zuwa jibi, jibin da ba ta zuwa. Wadda take da mai aiki da firiza da mijin da yake sauke nauyinsa, in ta cika kwana 30 ba fashi, ta gode wa Allah, kada ta ɗauka ta fi waccan zuciya.

Amma kuma ba zan yi miki daɗin baki in ce ba ki da naki kason ba. Ƙwaƙwalwa ba uzuri ba ce. Ba a tambayarki me ya sa ba ki zama wata mace daban cikin wata ɗaya ba, wannan ba ya hannunki. Abin da yake hannunki ƙanana ne, kuma a kansu ne za ki iya tuhumar kanki: kin raba gwangwanin ko ba ki raba ba, kin zaɓi lokacin ko kin bar shi sai sanda hali ya yi, da kika tsallake ranar Talata kin dawo ranar Laraba ko kuwa kin ce tunda ya karye shi ke nan. Wannan ta ƙarshen ita ta fi kashe mana sana'a, kuma ƙalubalen da ake ƙirga kwanaki a jere yana ƙara mata ƙarfi, domin ya koya miki cewa fashin rana ɗaya ya mayar da ke sifiri, alhali binciken Landan ya nuna ba haka ba ne.

Wani abu kuma, kada a ɗauka sabo shi ne sana'a duka. Ma'aikaciyar tsakiya ba ta san farashin gyaɗa ya tashi ba, ba ta san maƙwabciya ta fara irin kayanki ba, za ta ci gaba da ƙulla ledar jiya a kuɗin jiya har jari ya narke. Amfanin mayar da ƙirga da ajiya su zama jiki shi ne a sauke wa ta bayan goshi kaya, ta sami sararin yin aikin da ita kaɗai ta iya, wato duba kasuwa da sauya dabara.

Sai kuma abin da ya shafe mu mu mata fiye da maza. Tunda sabo a jikin wuri da lokaci yake rataye, duk sanda wuri ya sauya yakan saki. Wendy Wood ɗin nan ta bi ɗaliban da suka sauya jami'a, a 2005 ta nuna cewa halayensu na motsa jiki da karatun jarida da kallon talabijin sun tsinke a inda yanayin da suka saba ya sauya, sun kuma ɗore a inda ya zauna yadda yake. Namiji zai iya shekara 20 a rumfa ɗaya a kasuwa. Mace kuwa a ɗauke ta daga ɗakin uwarta a kai ta gidan miji, ta yi ciki, ta tafi wankan jego gida ta yi kwana 40 ko fiye, ta dawo da jariri, a tashi daga haya a koma wata unguwa, a yi rasuwa a tafi zaman makoki. Kowanne daga cikin waɗannan yana kwashe alamun da ta jingina da su. Yarinyar da take da himmar saƙa a gidansu ta zo gidan miji ta daina, sai a ce aure ya sa ta lalaci, alhali kujerar da take zama da ƙawar da suke yi tare da lokacin da ta saba duk an bar su a can.

Ta wani gefen kuma wannan dama ce ga amarya, domin tsofaffin alamun ɓarnar kuɗi su ma an bar su a can, gidan sabo ne fil, abin da ta fara yi a watannin farko shi zai kama wuri. Ita kuma mai jego da ta dawo ta tarar littafinta ya yi ƙura, ta tuna da ɓerayen Graybiel. Zanen da ta yi wata shida tana yi kafin ta haihu yana nan kwance, ba daga farko za ta koyo ba. Ta nemo gwangwanin ta mayar da shi inda yake a da, kusa da sallaya, in ta idar da isha'i yau ta ƙirga abin da ke ciki ko da naira 200 ce, ta rubuta kwanan wata a sabon shafi.